Shafin dama na littafina

Ina da wani littafin rubutu mai baƙin bango wanda nake zuba hukunce-hukuncen kotu a ciki. Ni ba lauya ba ne, son bin shari'a ne kawai ya kama ni. A shafin hagu nake rubuta abin da alƙalai suka yanke da ranar da suka yanke shi. Shafin dama kuwa na bar shi ne don abin da ya biyo baya, kuma shi ne ya fi ba ni aiki.

Wanda na fi komawa kansa shi ne na tsofaffin matan Suwizalan. Su fiye da 2,000 ne, duk sun haura shekara 64, suka ce zafin da sauyin yanayi ke kawowa yana barazana ga lafiyarsu, gwamnati kuma ta yi sakaci. Kotunan ƙasarsu suka yi watsi da ƙarar. Ba su karaya ba, suka ɗunguma zuwa Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Sitirasbog, wadda ta ba su gaskiya ranar 9 ga Afrilu, 2024. Ran nan har layi biyu na ja a ƙarƙashin rubutun, don murna. Wata biyu kacal, sai ga majalisar dokokin ƙasar ta fitar da sanarwa cewa kotun ta wuce gona da iri, kuma ƙasar ta riga ta yi abin da ya kamata. Suwizalan fa! Ƙasar da ake buga misali da ita wajen bin doka.

A Birtaniya abin ya ma fi ban mamaki. Ranar 15 ga Nuwamba, 2023, alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan magana ɗaya: shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda ya saɓa doka, don akwai haɗarin a mayar da su ƙasashen da suka gudo daga cikinsu. Gwamnatin Rishi Sunak ba ta yi jayayya da kotu ba. Majalisa ta nufa, a Afrilun 2024 aka yi dokar da ta ce Ruwanda ƙasa ce mai aminci, kuma dole alƙalai su ɗauke ta a haka. Wato an ce ruwa ya yi zurfi, sai aka sauya ma'auni. Abin da ya kashe shirin daga ƙarshe zaɓe ne: Keir Starmer na hawa mulki a Yuli ya soke shi.

Inda na ga hukunci ya tafi sumul shi ne inda kuɗin ke ajiye tun kafin a yanke. Ranar 10 ga Satumba, 2024, babbar kotun Tarayyar Turai ta ce Apple ya biya Ayalan harajin Yuro biliyan 13. Shari'ar ta faro ne daga matakin hukumar tarayyar a 2016, ƙaramar kotu ta rushe shi a 2020, babbar ta dawo da shi. Tun 2018 kuɗin na kulle a asusun amana. Abin dariyar shi ne Ayalan ɗin da za a ba kuɗin ta yi shekaru tana cewa ba ta so.

Google kuma, alƙali Amit Mehta na Amurka ya same shi da laifin babakere a harkar bincike a intanet a Agustan 2024, amma da aka zo maganar gyara bayan shekara guda, bai tilasta masa sayar da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet, ba.

Sai Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Heg, wadda ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ta ba da sammacin kama Putin a Maris 2023. A Satumban 2024 ya sauka Mongoliya, ƙasar da ke cikin yarjejeniyar kotun, aka shimfiɗa masa jan kafet. Amma sammacin bai tashi a banza ba, don a 2023 bai je taron BRICS, ƙungiyar ƙasashen da Rasha ke ciki, a Afirka ta Kudu ba. Shi kuwa Duterte, tsohon shugaban Filifin, a Maris 2025 aka kama shi a Manila bisa sammacin kotun aka sa shi a jirgi zuwa Heg, bayan gidansu ya ɓata da na shugaba mai ci, Marcos. A ganina wannan ɓatawar ce ta buɗe ƙofar jirgin, fiye da takardar sammacin.

Na baya-bayan nan da na rubuta shi ne ra'ayin da Kotun Duniya, wato babbar kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta manyan laifuka ba, ta bayar ranar 23 ga Yuli, 2025, cewa ƙasashe na da alhaki a doka na kare yanayi. Ɗaliban shari'a na tsibiran Fasifik ne suka faro maganar, ƙasar Banuwatu ta kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shawara ce, ba ta ɗaure kowa ba. Na cika shafin hagu, na bar shafi uku a gaba don na dama.