Idan Tunani Ya Kai ga Naman Zuciyar Inna

A gidajenmu, idan tsohuwa ta fara haki daga ɗaki zuwa madafa, ko ƙafafunta suka kumbura, amsa biyu ake bayarwa: "tsufa ne", ko "tunani ne ya yi mata yawa". Ta biyun akwai gaskiya a cikinta, sai dai ana faɗinta ne don a rufe magana, alhali nan ne ya kamata a tashi tsaye. Damuwar da ta daɗe a rai tana taɓa naman zuciya da gaske, kuma macen da al'ada ta ɗauke mata tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa illa.

Wannan haki da kumburin ƙafa na iya zama alamar gazawar zuciya. Gazawar zuciya ba tsayawarta ba ce. Tana bugawa, amma ba ta tura jini gwargwadon buƙatar jiki, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafa da ciki. A tsofaffin mata, sau da yawa ba ƙarfin matsawa ne ya ragu ba. Bangon zuciyar ne ya yi kauri ya sandare, ba ya sakewa ya cika da jini. Shi ya sa hoton zuciya kan nuna tana matsawa daidai, ga baiwar Allah kuwa ba ta iya barci sai an tara mata matasan kai uku.

Damuwa kan yi ɓarnarta ne a hankali. Jikin mai fargaba yana sakin sinadaran adrenalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Na awa ɗaya ba komai. Amma uwar da ta shekara goma tana kwana da tunanin ɗan da ba shi da aiki, ko tana jinyar miji, ko tana riƙon marayun jikoki ba mataimaki, jininta ba ya samun sauka ko da dare. Hawan jini kuwa shi ne babban mai jawo gazawar zuciya a nahiyarmu: binciken da aka buga a 2012 kan marasa lafiya 1,006 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, ya ɗora masa kusan kashi 45 cikin 100. Ga kuma abin da ido ke gani: mai damuwa tana manta magani, tana fasa komawa asibiti, ba ta motsa jiki.

Akwai kuma ɓarnar farat ɗaya. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, sunan tukunyar da masuntansu ke kama wata halittar teku mai hannuwa takwas da ita, domin kamar tukunyar zuciyar ke komawa a hoto: gindi ya buɗe ya daina motsi, wuya ya tsuke. Yakan biyo bayan mummunan labari, rasuwa, gobara, ko rashin lafiya mai tsanani. Kusan 9 cikin 10 na masu kamuwa mata ne, akasari sun haura 50. Ciwon ƙirji da ƙarancin numfashinsa ba su da maraba da na toshewar jijiyar zuciya, sai an yi gwaji ake rarrabewa. Yawanci zuciyar na farfaɗowa cikin makonni, amma kwanakin farko suna iya kisa. Don haka matar da ta dafe ƙirji a zaman makoki asibiti take buƙata, ba yayyafin ruwa da "yi haƙuri" kaɗai ba.

Lokacin takaba ya fi ba ni tsoro. Wata 4 da kwana 10 ne, masu gaisuwa kuwa sukan watse tun bayan sadakar bakwai. Ta rage ita kaɗai a ɗaki, ba ci, ba barci, maganin hawan jini ya ƙare, tana jin nauyin cewa a kai ta asibiti. Malamai sun halatta wa mai takaba fita don lalura, ganin likita kuma lalura ce.

Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin auna wa Inna hawan jini. Ta zauna minti 5 ta jingina, hannu daidai ƙirji, a auna sau biyu, safe da yamma, har kwana 7, a rubuta. Idan awon gida yana kai 135/85 ko sama a kai a kai, a nuna wa likita takardar. Wadda aka riga aka tabbatar mata da gazawar zuciya kuwa ta hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, kafin kari. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen magi da kanwar da ke cikin kunu da wake. Inda aka fi yin kuskure shi ne maganin ciwon gwiwa. Diklofenak da ibuprofen da ake saye a kemis suna sa jiki riƙe ruwa, suna raunana ƙoda, suna rage aikin maganin hawan jini. Haka maganin barci na kemis: ba ya warkar da damuwa, sai dai ya jawo jiri da faɗuwa. Wasu kuma sukan bar maganin fitar da ruwa irin Lasix don yawan fitsari na karya musu alwala. A sha shi da safe, a kuma tambayi likita yadda za a tsara shi kafin azumi.

Ita damuwar kanta, a tambaye ta kai tsaye: "Inna, me ke hana ki barci?" A rage mata nauyi na zahiri, kuɗin magani, girki, rainon yara. Ta ci gaba da zuwa Islamiyya da gidajen ƙawayenta, ta yi tafiyar minti 30 yawancin kwanakin mako in numfashi ya bari. In ta kai mako 2 ba ta jin daɗin komai, tana kuka ko fatan mutuwa, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani a asibiti.

Haki tana zaune, farkawa tsakar dare tana neman iska, tari mai kumfa, suma, ko ciwon ƙirji da ya wuce 'yan mintoci: ba a jiran gari ya waye. A zaunar da ita, kada a kwantar, a nemi mota.