Shekara huɗu a bayan kanta

Shekaran jiya na raka Hajiyarmu banki gyaran BVN, sunanta ne ya bambanta da na katin ɗan ƙasa, muna zaune muna jiran layi sai idona ya kai kan wani yaro a kanta, ba zai wuce shekara 25 ba, yana ƙirga kuɗi yana sake ƙirgawa, ya duba kwamfuta ya koma kan durowa, ga esi na aiki amma gumi yake. Ina ganinsa na san shoteji ne, wato kuɗin durowarsa bai kai abin da kwamfuta ta nuna ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi kamar ni abin ya samu, don shekara huɗu da 'yan watanni na yi a irin wannan kujerar, a wani reshe nan cikin gari. Ba zan faɗi sunan bankin ba, ai duk kanwar ja ce.

A 2019 na samu aikin, bayan na gama bautar ƙasa na yi wata takwas ina zaman majalisa. Ranar a gidanmu na Tudun Wada kamar an yi sallah, Hajiya har waina ta sa aka yi sadaka. Kawuna ne kaɗai ya ja ni gefe ya ce yarona ka dai yi tunani a kan maganar kuɗin ruwa, me ya hana ka nemi Jaiz? Na ce Kawu na nema, wanda ya kira ni shi na amsa. Abin da duk ba su sani ba, ni ma sai da na karanta takardar sau biyu na gane, shi ne ba bankin ne ya ɗauke ni ba, wani kamfani ne da ke kawo wa bankuna ma'aikata. Ɗan kwantiragi ke nan. Kwat iri ɗaya, taye iri ɗaya, kanta ɗaya da cikakken ma'aikaci, zagin kwastoma ma tare muke sha, amma ranar albashi alat ɗina bai kai rabin nasa ba, babu ƙarin girma, kuma in an zo rabon riba ƙarshen shekara sai dai ka ji ana ƙus-ƙus a kicin. Ni HND gare ni daga Kaduna Poly, su kuma digiri suke so kuma kada ka haura shekara 26 ko 27, to kullum ana ce maka ka yi haƙuri za a mayar da ku cikakku, kai kuma shekarunka na tafiya.

A unguwa kuwa ai ni mai kuɗi ne. Biki, suna, kuɗin makaranta, kowa ya ce a je wajen ɗan banki.

Mutane suna ganin ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa sai su ɗauka lokacin muke tashi. Ina! Bakwai da kwata na safe kana ciki, a yi mitin, takwas a buɗe, huɗu a rufe sannan ainihin aikin ya fara, sai kuɗin durowarka ya yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna, kuma in na mutum ɗaya bai yi ba babu mai fita. Sau nawa na yi magariba da isha a bayan ɗakin janareto a kan kwali.

Shotejina na farko naira dubu ashirin ne, ina wata uku da farawa. Ogan da muke da shi lokacin ya fito daga ofis, bai tambaye ni komai ba, a gaban masu gadi da mai shara ya ce a caje aljihuna da safata. Na cire takalmi na tsaya a kan tayil, har yau ina tuna sanyin nan. Sai wajen takwas da rabi wata Anti da ta daɗe a aikin ta ce kawo takardun diposit ɗinka na safe, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ashe takarda ɗaya na shigar sau biyu. Kuɗi bai ɓata ba. Oga ya ɗauki makullin motarsa ya fita, ko sannu, washegari kuma na tarar da kweri, wato takardar tuhuma, a kan teburina. Na biyun dubu goma ne, shi ba a taɓa gano shi ba, daga albashina aka cire.

Da farko na tsani mutumin nan ƙwarai, sai daga baya na fahimci shi ma wani ke taka shi. Duk Litinin yana shiga mitin na waya da manyan shiyya, muna jiyo yadda ake masa tsawa ta bayan gilashi yana ta yes sa, yes sa, yana fitowa sai ya juye mana. Taget. Kawo diposit, buɗe akawun, sayar da kati. Har mu 'yan kanta an ɗora mana adadin akawun da za mu buɗe a wata, to yaushe za ka fita nema? Sai Asabar, ka bi Kasuwar Barci da Panteka da kasuwar Gumi da fom a hannu kana roƙon mutane, ƙannena da 'yan majalisarmu kaf sai da na buɗe musu, wasu har yau ko sisi ba su taɓa sakawa ba. 'Yan maketin mata su ne abin tausayi, a ce wa yarinya ta je ta kawo miliyoyi daga wajen wani Alhaji, in ta ce ga irin maganar da yake mata sai a ce ke dai ki san yadda za ki yi. Antin nan takan ce tun 2004 da Soludo, gwamnan babban banki CBN na lokacin, ya ce kowane banki ya tara jarin biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, farautar diposit ta zama addini. Ban san me za ta ce ba yanzu da CBN ya ce a 2024 manyan bankuna su kai biliyan 500.

A 2022 aka canza mana manaja, aka kawo wata Madam 'yar Kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Taget bai ragu ba, tsawar Litinin ma ba ta ragu ba, amma ita in ta fito sai ta sha ruwa ta zauna tukuna ta yi magana. Ita ta tsara mana Juma'a, rabi su tafi masallacin da ke fara sallah da wuri rabi su jira na baya, alhali wancan ogan in ka ce za ka yi sallah sai ya kalli agogo.

Sai ga canjin kuɗi. Wanda bai yi aikin banki a Fabrairun 2023 ba bai san tashin hankali ba. An canza 200 da 500 da 1000, an sa wa'adin 31 ga Janairu aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffi an kwashe, sababbi babu. CBN ya ce a ba kowa har dubu ashirin a kanta, mu kuma abin da ake kawo mana wataran dubu biyar-biyar ma ba ya zagayawa. Tun asuba mutane sun cika bakin get, ga labarin ana farfasa bankuna a Ibadan da Benin, mu kan cire taye da katin aiki mu cusa a jaka kafin mu fita. Na koma gida kuma maƙwabta na jira a ƙofa, sun rantse ina da sababbin kuɗi a ɗaki, ni da nake sayen dubu biyar a wajen mai POS kamar kowa.

Akwai wani dattijo daga Rigasa da ba na mantawa, ya zo gabana bayan kuɗi sun ƙare, ya ajiye takardar asibiti a kanta ya ce ɗana, matata ce a kwance, kuɗina ne fa ba roƙo na zo ba. Na rasa abin cewa. Madam na tsaye a ƙofa tana raba lamba, da ma ita ke fita da kanta ba ta barin masu gadi, ta zo ta karanta takardar ta ce Baba zauna, ta kira asibitin ta karɓi lambar akawun ɗinsu, ta sa na yi masa tiransifa daga asusunsa, netwok ya ƙi sai a karo na huɗu, sannan ta buɗe jakarta ta ba shi dubu ɗaya kuɗin Keke. Tsohuwar dubu ɗaya ce ma, ta ce Baba ka gwada ko za su karɓa.

Kafin ƙarshen shekarar aka ɗauke ta, wai reshe bai cika taget ba. Ni kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu kuɗin mota da abincin rana suka fara cinye albashin, na lissafa na ga aikin nake ciyarwa, na rubuta takardar ajiye aiki. Ba wani sallama, ba ko sisi, kamfanin nan cewa kawai suka yi in dawo da katinsu. Yanzu shagon POS da kayan waya nake, rufin asiri dai Alhamdulillah, ƙarfe shida na rufe.

Da za mu wuce wajen masu BVN na ɗan leƙa kantar yaron na ce ƙanena, duba takardun diposit ɗinka na safe, wataƙila ka shigar da ɗaya sau biyu. Ya ɗago ya kalle ni ya ce Yaya a nan kake aiki? Kafin in ba shi amsa Hajiya ta ja rigata, an kira lambarmu.