Talata, a shagon Oga

Na dawo gida da rikodin maganar Oga na minti 40 don binciken da nake yi kan Hausar 'yan Ibo, kuma har yanzu raina bai kwanta da shi ba.

Da hantsi na isa Sabon Gari. Na tarar Oga, wani ɗan kasuwa ɗan Ibo, na ciniki da wata mata kan ƙwan lantarki, baki sai zuba yake: "Hajiya, wallahi ban ci riba ba, matana ma ya san nawa na saro shi." Matana ya san! Abin da nake farauta ke nan tun watan jiya. A harshen Ibo wakilin suna ba ya raba mace da namiji, shi ya sa "ya" da "ta" ke ba su wuya ko sun shekara ashirin a Kano.

Da matar ta tafi na ɗora waya a kan kantar shagon, na ce zan danna rikodin. Nan take ya gyara zama, ya gyara murya. "Matata... ta tafi Onica." Daidai. Haka ya yi ta yi, yana dakatawa kafin kowace kalma kamar mai tsallake kwata da farin kaya. Na ce, "Haba Oga, yi yadda ka saba mana." Ya ce, "A'a Malama, wannan jami'a za ki kai, ba zan ba ki Hausar kasuwa ba."

Maganar ta tsaya min a rai. Girmama ni ya yi, amma Hausar kasuwar nake nema. Masanin harshe William Labov ya faɗi wannan tun 1972: mai bincike yana son jin maganar mutane lokacin da ba a sa musu ido, alhali ba zai ji ba sai ya sa idon. Na karanta a aji, yau na gani a kan benci. To wacce ce Hausar Oga? Ni dai ina ganin duka biyun. Ya san ƙa'idar, ciniki ne in ya yi zafi take suɓuce masa.

Zuciya ta raya min in bar wayar cikin jaka tana ɗauka. Ban yi ba. Takardar da ya sa wa hannu ta ce sai da saninsa.

Malam mai duba bincikena har yanzu yana kan bakansa, a raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari. Takarda ba za ta taɓa jin "matana ya san" ba. Masanin harshe Richard Schmidt shekara uku ya yi yana bin mutum ɗaya tak, wani mai zane ɗan Japan a Hawayi, kafin ya nuna a 1983 cewa bakin mutumin ya buɗe sosai da Turanci amma nahawunsa da ƙyar ya motsa. Ranar Alhamis zan kai wa Malam wannan.

Gobe ba waya. Littafi da biro kawai, in zauna har Oga ya manta da ni.

Ɗan adaidaita ya ƙara kuɗi. Umma ta yi miyar kuka. An ɗauke wuta tun magariba.