Ƙarshe dai PES 6 ya daina kwanciya bayan hutun rabin lokaci

Jama'a, daren jiya na buga wasa uku a jere a PES 6, gem ɗin ƙwallo na PlayStation 2 (PS2), a kan wayata, Inter da Arsenal, kuma saurin gem ɗin bai sauka daga 100% ba ko sau ɗaya. Wanda bai sha wahalar nan ba zai ga kamar ba komai ba ne. Ni kuwa sai da na miƙe tsaye na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Wayata dai matsakaiciya ce, irin mai manyan cibiyoyin sarrafa aiki biyu da ƙanana shida, ga GPU, wato sashen zana hoto, samfurin da ake kira Mali. Ina amfani da NetherSX2, manhajar da ke buga gem ɗin PS2 a waya, wanda aka gina a kan AetherSX2 bayan mai shi ya daina aiki a kansa a farkon 2023. Na san ana cewa sai waya mai injin Snapdragon 845 ko sama da haka kafin PS2 ta yi daɗi a waya. To, abin da nake da shi ke nan, kuma ba God of War nake nema ba. Ƙwallo kawai nake so, irin wadda muka taso muna bugawa a gidan gem, ana layi, wanda aka ci ya miƙa hannu.

Ga yadda matsalar take. Ana take wasa komai lafiya lau, Adriano yana sakin wannan ƙafar hagun tasa kamar yadda kuka sani. Sai an kusa tafiya hutu, muryar mai sharhi ta fara ja, ihun 'yan kallo ya riƙa kakkatsewa. Da an dawo daga hutu kuwa sauri ya faɗo ƙasa da tamanin, 'yan wasa su koma kamar masu gudu a cikin taɓo. Ka danna fas, ƙwallo ta tafi bayan an riga an tare hanya. Abin ya ci mini rai matuƙa, domin da a ce tun farko ba ya tafiya, da na haƙura. Amma ya ɗanɗana maka daɗin, sannan ya ƙwace.

Babu saitin da ban taɓa ba. A hanyar zana hoto na bar OpenGL na koma Vulkan, an ɗan samu sauƙi. Na kunna MTVU, saitin da ke miƙa wani ɓangare na aikin ga wata cibiya daban. Na dawo da girman hoto 1x duk da yadda yake dishi-dishi. Sannan na shiga rage saurin EE, wato babban injin PS2 da manhajar ke kwaikwayo, kuma a nan nake so in ja kunnenku. Idan ka rage shi sosai, ka haɗa da tsallaken zagaye, lambar da ke saman allo za ta nuna maka 100% ka yi murna. Amma ba aikin ne ya yi sauƙi ba, gem ɗin ne aka takura ya riƙa zubar da firem daga ciki. A gem ɗin da ake tafiya a hankali ba lallai ka lura ba. A ƙwallo kuwa, inda fas ɗin rariya ya dogara da ƙiftawar ido, hannunka zai gaya maka gaskiya kafin idonka. Na mayar da EE daidai yadda yake.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne kunna lissafin aikin cibiyoyi a kan allo. Filin bai canza ba, 'yan wasa ashirin da biyu ne tun farko har ƙarshe, amma sai in ga EE yana hawa a hankali har ya manne a sama. Me ya ƙaru? Babu. Wayar ce take rage wa kanta gudu saboda zafi. Kowace waya haka aka yi ta: idan cikinta ya kai wani mataki, sai ta sassauta manyan cibiyoyin don kada ta lalace. Ku haɗa da cewa muna tsakiyar Afrilu a Kano, rana tana kai maki 40, ɗaki da rufin kwano, ni kuma ina wasa waya tana jone a caji, tana cikin riga mai kauri. Da asuba, idan gari ya yi sanyi, sai in buga wasa guda cur ba matsala. Wannan ya tabbatar mini.

Na cire rigar, na daina caji lokacin wasa, na rage hasken allo. Na sayi 'yar fankar nan da ake maƙala wa a bayan waya, naira 12,000, kuɗin da har yanzu nake jin zafinsu, don kuwa jinkirta matsalar kawai ta yi. Maimakon rabin lokaci, sai a wasa na biyu ake kwanciya.

Maganin gaske ya fito daga inda ban zata ba. Faifan da na kwafa tun farko na Amurka ne, wanda suka sa wa suna Winning Eleven: Pro Evolution Soccer 2007. Shi NTSC ne, yana neman firem 60 a daƙiƙa, wato dole waya ta gama aikin kowane firem cikin kusan kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. Na Turai, PES 6 na 2006, PAL ne, firem 50, kowanne yana da kashi 20. Tsarin PAL ɗin nan shi ne dama na talabijin ɗinmu a Najeriya. Wannan ɗan bambancin yana nufin waya za ta yi ƙasa da aiki da kusan kashi ɗaya cikin shida, zafi ya ragu, ba ta kai inda za ta taka birki. Gaskiya ne hoton PAL ya ɗan fi yawan layuka, amma ni ba GPU ne ke shaƙe ni ba, EE ne. Wani bawan Allah da ya rufe gidan gem ɗinsa a unguwarmu ya ba ni faifan Turai, na kwafe shi a kwamfuta, na matse shi zuwa fayil irin na CHD don ya rage cin wuri. Da shi, da fanka, da Vulkan, da 1x, shi ke nan.

Sai dai akwai abin da ya tafi. Ajiyar da ke cikin memori tana bin lambar faifai ne, na Amurka SLUS, na Turai SLES, kuma ɗaya ba ya ganin na ɗaya. Master League ɗina, inda ake gina ƙungiya kaka bayan kaka, da duk 'yan wasan da na tara, yana nan a memori amma sabon gem ɗin bai san da shi ba. Na koma wurin su Castolo da Minanda, 'yan wasan da ake farawa da su, daga tushe. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Wanda bai fara nisa ba, ya zaɓi PAL tun yanzu.

Abin da ya rage shi ne hannun gem. Ta Bluetooth ina jin ɗan jinkiri wajen bugun tazara, da wayar OTG mai jona shi kai tsaye kuma babu shi sam, amma fankar tana son nata wutar, ga fawa bank, ga wayoyi sun cika cinya. Zan gwada ɗaga hoto zuwa 1.5x idan damina ta sauka gari ya yi sanyi. Masu Mali a cikinku, wa ya gwada daidaita cibiyoyin da EE ke hawa, ya ga bambanci? Ku faɗa mini kafin in taɓa, don yanzu ina tsoron motsa komai.