Godiya bayan darare uku na majigin Hrishikesh Mukherjee

Alhamdu lillahi. An kwashe kujeru, an mayar da janareta, farin yadin allon ma ya bushe an naɗe shi. Muryar mai fassararmu ce kawai ba ta dawo ba, har yanzu da hannu yake magana. Duk wanda ya biyo mu tun daga neman izini har zuwa daren 27 ga Agusta ya san abin da aka sha, ba sai mun sake tono shi ba. Godiya ce ta kawo mu, sai ɗan bayani ga masu kira suna tambayar yadda aka yi don su ma su gwada a unguwanninsu.

Mai unguwarmu, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Kai ka tsaya aka ba mu filin, kai ka ce a ware wa mata gefensu da ƙofarsu, kuma hakan ne ya sa iyaye suka bar 'ya'yansu suka zo. Ka tambaye mu tun ranar farko me ya sa muka zaɓi wannan daraktan finafinan Indiya, wanda finafinansa ba bos, ba faɗa, rawar ma ba ta taka kara ta karya ba. Ga amsar a fili.

A Kalkata aka haifi Hrishikesh Mukherjee, ranar 30 ga Satumba 1922. Ilimin sinadarai ya karanta, har ya ɗan koyar da lissafi da kimiyya, kafin ya shiga kamfanin New Theatres ya koyi riƙe kyamara, daga nan ya koma ɗakin yanka da haɗa fim. A 1951 ya bi maigidansa Bimal Roy zuwa Bombai, shi ne editan finafinan Do Bigha Zamin da Madhumati, a 1957 kuma ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, Musafir. Ya yi finafinai 42, ya karɓi lambar yabo ta Dadasaheb Phalke ta 1999 da lambar girmamawa ta Padma Vibhushan a 2001, ya rasu ranar 27 ga Agusta 2006 a Mumbai, wato Bombai ɗin. Abin da ya shafe mu a duk wannan shi ne editancin. Wanda ya fara da almakashi ya san inda dariya take zama. A barkwancinsa tana cikin ɗan shirun da ke biyo bayan magana, lokacin da kyamara ta tsaya a fuskar wanda aka yi wa ƙarya yana ƙoƙarin haɗiye ta. In wannan shirun ya lalace, fim ɗin ya zama hirar tsofaffi a falo.

Shi ya sa godiya ta musamman take wurin mai fassara, duk da ya ce kada a ambace shi. Yaya, yi haƙuri, sai mun faɗa. Tsarin da ya bi shi ne a rage sautin fim zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, kada a kashe shi, don tsawar Utpal Dutt, wanda ya fito a maigida a fim ɗin Gol Maal, ba ta buƙatar tafinta. Yana jira jarumi ya kai ƙarshen jimla, ya saka Hausar a taƙaice, ya ja bakinsa kafin a yanka zuwa fuskar mai sauraro. Da waƙa ta shigo ya ajiye makirfo. Kowane fim sai da ya kalle shi sau uku da takarda, yana sa alama a wuraren da ba za a ce uffan ba.

Chupke Chupke na 1975 ne ya fi ba shi wuya. Dharmendra ya fito a farfesan tsirrai da ya ɓad da kama ya zama direban mijin yayar matarsa, Om Prakash, mutumin da ya nace sai direba mai tsantsar Hindi. To ya samu, har ta ishe shi. In aka fassara wannan kai tsaye babu abin dariya, don mai sauraron Hausa bai san wace Hindi ce ta littafi wace ce ta kasuwa ba. Nan Anti malamarmu, wadda ta yi karatu a Indiya, ta zauna da shi yamma biyu, suka yanke cewa direban zai yi Hausar da ba aron Turanci ko ɗaya: shi matuƙi ne ba direba ba, burki ya zama linzami, hon ya zama ƙaho, taya ta zama ƙafa. Da aka zo wurin tsofaffi ne suka fara fashewa kafin yara. Anti, Allah ya saka da alheri, ya raya zuriya, ya ƙara wa ilimin albarka.

Ga masu son gwadawa. Kada ku haɗa lasifika ta Bluetooth, sautin yakan makara kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa bakin jarumi ya rufe kafin maganar ta fito. Waya za ku ja daga kwamfuta zuwa amfilifaya. Hoton da muka samu na waɗannan finafinan ya kusa murabba'i, yadi mai faɗin mita huɗu da tsayin mita uku ya ɗauke shi, kuma kada a bar majigi ya miƙe hoton, fuskoki su yi faɗi. Majigi da kwamfuta da amfilifaya da ƙwai biyu ƙaramin janareta ya riƙe su, lita huɗu ta fetur ta kai mu kowane dare har da saura, ko da yake kowane fim ya haura awa biyu. A ajiye janareta nesa, bayan katanga, in ba haka ba ƙararsa ta cinye shirun da muka yi magana a kai. Kuskurenmu biyu ne, mun kuma yarda da su: mun ɗaure yadin ta kusurwa huɗu ya yi tsam kamar ganga, babu inda iska za ta bi, sannan mun bar mahaɗin waya a ƙasa alhali damina ce.

Daren ƙarshe Gol Maal na 1979 ake yi. An kai inda Amol Palekar, wanda maigidansa ya kama a filin wasan hoki bayan ya ce uwarsa ba lafiya, ya ƙirƙiro ɗan tagwaye marar gashin baki don ya tsira da aikinsa. Ƙarya ta haifi ƙarya, har Dina Pathak da aka ɗauko ta zama uwar bogi ita ma ta ƙirƙiro tata 'yar tagwayen. Ana cikin wannan dariyar iska ta taso, sandar allo ɗaya ta karye, ruwa ya kece. Yaran da ke kan tabarmar gaba duk ba takalmi, ruwa kuma ya doshi mahaɗin wayar da ke tsakaninsu. Mu da muka shirya taron kowa kwamfuta ya yi wa tsalle. Baba na majigi, wanda ya yi shekaru yana juya fim a ɗaya daga cikin tsofaffin sinimomin Kano, bai kalli na'ura ko ɗaya ba. Da sandarsa ya zagaya bayan katanga ya kashe janareta, sannan ya ɗaga murya a cikin duhu ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada yaro ya taka ƙasa sai an haska. Bayan nan ne ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe majigin, ya tsaya a ruwa da 'yar shara.

Har yanzu in muka tuna tazarar da ke tsakanin ruwan da wayar sai jikinmu ya mutu. Ba ta kai taku biyu ba.

Da ruwa ya tsagaita samari suka so a kunna nan take. Baba ya hana. Ya ce in wuta ta yanke farat ɗaya fankar majigi ta tsaya alhali ƙwan yana da zafi, in aka kunna shi a haka yana iya fashewa, a jira minti goma sha biyar. Ya sa aka shanya mahaɗin da tsumma, aka ɗora shi a kan bulo, aka rufe da leda ta sama aka bar ƙasan a buɗe. Yadin kuma aka rataye shi a katanga, aka ɗaure sama kawai, aka sa duwatsu a ƙasa. Haka aka ƙarasa, har aka ga inda gashin bakin manne ya tona asiri. Baba, ba mu da abin biyanka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ƙarfafa gwiwar nan, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka, ya jiƙan magabatanka, ya kare ka daga duk abin da ka kare 'ya'yanmu daga gare shi. Amin, amin.

Kawu mai janareta da ya ƙi karɓar kuɗin haya, Inna mai ƙosai da ta buɗe zaurenta mata da yara suka fake, 'yan sintirin unguwa da suka raka mutane gida, da yaran da suka yi ta jidar kujeru ba a sa su ba, Allah ya biya kowa da mafificin alheri, ya buɗa kasuwa, ya ba marasa lafiyanku sauƙi.

Akwai 'yan'uwa na jini da suka ce kujeru hamsin nasu ne, a cire su daga lissafi. Mun cire. Ba mu riƙe kowa ba, uzuri ba ya sallama. Mun dai so a ce sun zo ko daren farko, da aka nuna Bawarchi na 1972, inda Rajesh Khanna ya shiga wani gida a matsayin kuku ya tarar kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi aikin. Allah ya bar zumunci.

An tsinci takalman yara ƙafa uku, babu biyu da suka dace da juna, da lema baƙa da hular sanyi. Suna zauren Inna. Rigar Baba kuma tana wurin mai wanki, gobe in Allah ya kai mu za a kai masa har gida.