Koloyid: Daga Kofin Madara Zuwa Ledar Ƙarin Ruwa

Samo kofunan gilashi biyu. A ɗaya ka narkar da gishiri a ruwa, a ɗayan ka ɗiga madara ɗigo uku. Ka shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila ta gefe. A ruwan gishirin ba za ka ga hanyar hasken ba, a na madarar kuwa za ka gan ta miƙe kamar zare, yadda hasken rana ke ratsa ƙurar hunturu ta taga. Gishiri ya narke sarai. Madara ba ta narke ba, ba ta kuma kwanta ba: barbashinta na rataye a ruwan yana watsa haske. Wannan shi ne koloyid, kuma girman barbashinsa daga nanomita 1 ne zuwa 1,000 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita).

Thomas Graham ne ya raɗa sunan a 1861, daga kalmar Girkanci mai nufin abin manni, bayan ya lura gishiri da sukari na ratsa siririyar fata, amma jelatin da ƙaro ba sa wucewa.

Abin da ke hana barbashin haɗuwa galibi cajin lantarki ne iri ɗaya, sai su riƙa ture juna. Cire cajin, koloyid ya rushe. Haka kindirmo ke kamawa: tsami ya sauko da madara daga 6.7 zuwa wajen 4.6 a ma'aunin tsami na pH, furotin ɗinta ya rasa caji ya dunƙule. Aikin da alif ke yi wa ruwa mai laka ke nan.

Jininmu ma koloyid ne. Hanta na sarrafa furotin mai suna albumin, giram 35 zuwa 50 a kowace lita ta ruwan jini. Girmansa ya hana shi ratsa bangon ƙananan jijiyoyi cikin sauƙi, don haka yake riƙe ruwa a cikinsu. Idan ya yi ƙasa, ko don hanta ta lalace ko don ƙoda na zubar da shi a fitsari, ruwa ya tsiyaye cikin tsoka, ƙafa da ciki su kumbura.

Daga nan aka raba ruwan da ake ƙara wa majiyyaci gida biyu. Akwai ruwan gishiri, giram 9 a lita, da danginsa. Wannan idan an ƙara lita guda, bayan kamar sa'a ɗaya abin da ya rage a jijiya bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Akwai kuma koloyid: albumin, jelatin, dekstiran (wani sukari mai manyan ƙwayoyi) da sitacin da aka sarrafa mai suna HES. An daɗe ana koyar da cewa lita guda ta koloyid tana aikin lita uku na ruwan gishiri.

A gadon asibiti lissafin bai fita haka ba. Binciken SAFE na 2004, kan majiyyata kusan 7,000 a Ostareliya da Niyu Zilan, ya kwatanta albumin mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari da ruwan gishiri. Yawan mace-mace bai bambanta ba, kuma ratar ruwan da aka buƙata 1 ce da 1.4, ba 1 da 3 ba. Waɗanda suka ji rauni a ƙwaƙwalwa ma sun fi mutuwa da albumin. Dalilin ƙarancin ratar shi ne duk amfanin koloyid ya rataya ne kan lafiyar bangon jijiya. Idan ƙwayoyin cuta suka bazu a jini, bangon na zama kamar rariya, barbashin koloyid ɗin ya fice, ya ja ruwa ya bi shi.

Na HES ya fi muni. Bincike biyu a 2012 sun nuna yana ƙara yawan masu buƙatar wankin ƙoda, a 2022 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shi. A ganina duk inda ya rage a ma'ajiyar magani, bai kamata a ɗaura wa mai cutar da ta bazu a jini, ko ƙuna, ko ciwon ƙoda ba. Jelatin da dekstiran kuwa kan tayar da mummunar borin jini, sai a tsaya kan majiyyaci a mintunan farko da adirenalin a kusa.

Binciken FEAST na 2011 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya fi shafar mu. Cikin yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, albumin ko gishiri, sun fi mutuwa cikin sa'o'i 48: kusan kashi 10.5 cikin ɗari, sauran kuma 7.3.

Albumin na da gurbinsa. Idan an zuƙe wa mai ciwon hanta ruwan ciki fiye da lita 5, ana mayar masa da giram 6 zuwa 8 kan kowace litar da aka cire, don kare ƙoda. Kwalbar mililita 100 mai kashi 20 na ɗauke da giram 20, ke nan lita 8 na buƙatar kwalba uku. A ɗaga kwalbar a duba: in ta gurɓace, kada a yi amfani da ita. In an huda, a yi amfani da ita cikin sa'o'i 4. Kada a sirka da tsurar ruwan allura, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Kuma cikin waɗannan koloyid na ƙarin ruwa ba wanda ke ɗaukar iskar oksijin. Wanda ya zubar da jini da yawa, ƙarin jini yake buƙata.