Inda nake kai baƙona a Sakkwato

In baƙo ya sauka gidana ya ce in zaga da shi gari, Hubbaren Shehu muke fara zuwa. Ginin ba shi da tsawon da zai sa ka ɗaga kai, amma nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817, shi da wasu cikin iyalinsa. Za ka iske masu ziyara daga Adamawa, daga Nijar, da tsofaffin matan Fulani da suka sha doguwar tafiya, kowa ya tuɓe takalmi, kowa ya sassauta murya ba tare da an ce masa ba.

Daga nan sai Fadar Sarkin Musulmi, wadda kwarjininta ya fi fitowa ranar Salla in dawaki sun cika ƙofa. Manyan masallatan nan biyu, na Shehu da na ɗansa Muhammadu Bello, ginin da ake gani yau ba shi ne na farko ba, zamanin Sardauna aka sabunta su da siminti. Ban ga laifi ba, jama'a ta ƙaru, amma raina yana son a ce na ga ginin ƙasar da magabata suka yi salla ciki. Ganuwar birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ita ma ta tafi, sunayen ƙofofi suka rage a bakin mutane: Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku.

Kakana magini ne, shi ya sa idona yake kan irin waɗannan abubuwa. Na tashi ina ganin ana cuɗa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali ya bushe a rana, a jera azarar giginya wadda gara ba ta iya mata, a ɗaure bakan gizo ya riƙe rufin soro ba ginshiƙi a tsakiya, sannan a shafe da makuba saboda damina. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, shiga tsohon zaure ka zauna, sannan ka koma ɗakin bulo mai rufin kwano. Jikinka zai gaya maka wane ne gwani.

Amma ginin da ya fi girma a idona duk yankin nan ba cikin birni yake ba. Surame ne, can wajen Binji, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, kusan shekara 300 kafin a kafa Sakkwato. Da dutse aka ɗaga katangarsa, an jera shi an cike da ƙasa, zagaye bayan zagaye. Tun da Kabawa suka mayar da sarautarsu Birnin Kabi garin ya zama kufai, amma har yau katangar na tsaye a wurare da dama. A 2007 Najeriya ta sa shi cikin wuraren da take nema wa rajistar wuraren tarihi na duniya a UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka, cikin samarin unguwarmu kaɗan ne suka taɓa jin sunansa, saiwar itatuwa kuma tana ta ture duwatsun. Wurin yana bukatar hanya mai kyau, da masu gadi daga ƙauyukan kusa da za a riƙa biya, da makarantun da za su riƙa kai ɗalibai su taɓa katangar da hannunsu.